Matasan Singafo da Harshen Sinanci: Waiwaye Cikin Tarihi

Maƙasudin wannan maƙala shi ne duba dalilin da ya sa matasa da dama daga cikin Sinawan Singafo suke koyon Sinanci shekara da shekaru a makaranta, amma ba su cika son yin magana da shi ba. A ganina, asalin wannan hali yana cikin tarihin harsunan tsibirin.

Tun daga 1819, lokacin da Stamford Raffles ya kafa wa Ingilishi tashar ciniki a tsibirin, Sinawa suka riƙa kwararowa daga kudancin ƙasar Sin, musamman lardunan Fujian da Guangdong. Abin lura shi ne, ba da Mandarin suka zo ba, wato daidaitaccen Sinanci. Harsunan gidajensu su ne Hokkien da Teochew da Kantonanci da makamantansu, waɗanda mai jin Mandarin kaɗai ba zai fahimce su ba.

Bayan da Singafo ta zama ƙasa mai zaman kanta a 1965, gwamnati ta tsayar da tsarin harsuna biyu: Ingilishi da kuma abin da ta kira harshen uwa. Ga Sinawa kuwa, Mandarin aka zaɓa. A 1979 Firayim Minista Lee Kuan Yew ya ƙaddamar da gangamin magana da Mandarin, aka kuma kawar da sauran harsunan daga yawancin shirye-shiryen talabijin. A 1980 aka haɗe Jami'ar Nanyang, wadda aka kafa don koyarwa da Sinanci, da Jami'ar Singafo. Daga 1987 Ingilishi ya zama harshen koyarwa a makarantu.

Sakamakon haka sai yaro ya sami kansa tsakanin harsuna uku. Kakarsa tana Hokkien, shi kuwa ba ya ji. Aikin da yake hange da Ingilishi ake yin sa. Mandarin ya tsaya a tsakiya, ba shi da gindin zama a ɗakin kaka, ba shi kuma da rinjaye a ofis, sai ya zama darasin cin jarrabawa. Harshen da aka saba jin sa tare da gyaran malami, da wuya yaro ya ɗauke shi zuwa wurin hira da abokai. Shi kansa Lee Kuan Yew ya amsa a 2009 cewa yawan hadda da shifta sun sa yara ƙyamar harshen.

Ƙidayar 2020 ta nuna cewa kashi 48.3 cikin ɗari na mazauna ƙasar sun fi amfani da Ingilishi a gida, alhali a 2010 kashi 32.3 ne.

Darasin da malamin harshe zai ɗauka a nan shi ne, manhaja tana iya ba yaro nahawu da ƙa'idojin rubutu, amma sha'awar magana tana tsirowa ne inda yake da wanda yake ƙaunar yi wa magana. Duk tsarin da ya raba jika da harshen kakarsa ya rage masa abokan hira.