Guguwar Rana da Garkuwar Maganadisun Duniya

Rana ba haske da zafi kawai take aikowa ba. Dare da rana tana fesar da wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, waɗanda masana ke kira iskar rana, suna tafiya da gudun kimanin kilomita 400 a daƙiƙa guda. A wasu lokuta kuma wani sashe na fuskarta yakan yi bindiga, ya watso tarin wannan iska mai nauyin biliyoyin tan. Hasken fashewar yakan iso duniya cikin minti 8, shi kuwa tarin yakan yi kwana 1 zuwa 3 a hanya. Wannan shi ne guguwar rana. Yawanta yana hawa yana sauka a zagaye na kimanin shekara 11. Zagaye na 25 ya fara ne a Disamban 2019, ya kai ƙololuwarsa a 2024.

Abin da ke tare wannan iska yana ƙarƙashin ƙafafunmu. A zurfin kimanin kilomita 2,900 akwai narkakken ƙarfe da ke juyawa, kuma juyawarsa ce ke haifar da ƙarfin maganadisu wanda ya kewaye duniya, wanda shi ne ke juya tsinken kamfas ya fuskanci arewa. Yakan karkatar da mafi yawan iskar rana ta wuce ta gefe. Kaɗan da ke zurarowa yana shiga ne ta ƙuryar arewa da ta kudu, inda yake karo da iskar sama ya haifar da hasken nan mai launin kore da ja da ake gani a ƙasashe irin su Norway da Kanada.

Duniyar Mars ta rasa irin wannan garkuwa kimanin shekara biliyan 4 da suka wuce. A 2015 kumbon MAVEN na Amurka ya nuna iskar rana tana ci gaba da zaizaye ɗan abin da ya rage na iskar samanta, kuma zaizayar tana ƙaruwa lokacin guguwa.

Illa ga kayan aiki

Mutumin da ke doron ƙasa ba ya cikin haɗari kai tsaye, domin bayan maganadisu akwai kaurin iskar sama da ke tare sauran ƙwayoyin. Waɗanda ake yi wa fargaba su ne 'yan sama jannati da ma'aikatan jiragen da ke ratsa ƙuryar arewa. Kuma kuskure ne a ɗora wa guguwar rana alhakin zafin bazara ko ƙarancin damina. Aikinta can sama yake, nesa da inda hadari ke haɗuwa.

Ɓarnarta tana sauka ne a kan wayoyi da na'urori. Idan ta girgiza maganadisun duniya, sai wata wuta ta daban ta riƙa gudana cikin dogayen wayoyi. A Satumban 1859, lokacin guguwar da aka laƙaba wa sunan masanin Ingila Richard Carrington, wayoyin tangaraho sun yi tartsatsi a Turai da Amurka, har aka ga hasken arewa a Kyuba. Ranar 13 ga Maris 1989 wutar lantarkin lardin Quebec na Kanada ta ɗauke cikin ƙasa da minti 2, mutane miliyan 6 suka yi sa'a 9 babu wuta. Guguwar Oktoban 2003 ta lalata manyan taransfomomi a Afirka ta Kudu, abin da ya nuna matsalar ba ta ƙasashen sanyi ba ce kaɗai.

Har ila yau guguwa tana ɗumama iskar sama ta kumbura, sai ta riƙa jan taurarin ɗan'adam da ke kusa da ƙasa. Ta haka kamfanin SpaceX ya yi asarar 38 daga cikin taurari 49 da ya harba a Fabrairun 2022, alhali guguwar ma ba babba ba ce. A Mayun 2024 kuwa, wadda ta fi kowace ƙarfi tun 2003 ta rikita GPS na taraktocin manoman Amurka ana tsakiyar shuka.

Yadda abin ya shafi Nijeriya

Rediyon gajeren zango yana isa nesa ne saboda wani rufi na sama mai suna ayonosfiya yana dawo da sautinsa ƙasa. Idan rana ta yi bindiga da tsakar rana, rufin yakan shanye sautin maimakon ya dawo da shi, tasha ta ɓace daga 'yan mintoci zuwa sa'a guda ko fiye, sa'an nan ta dawo da kanta ba tare da an taɓa akwatin ba.

Bugu da ƙari, layin tsakiyar maganadisun duniya ya ratsa ta Nijeriya. A ƙasashen da ke kan wannan layi, ayonosfiya takan hargitse bayan faɗuwar rana, musamman a watannin Maris, Afrilu, Satumba da Oktoba na shekarun da rana ke kan ganiyarta. Saƙon tauraron ɗan'adam yakan yi rawa, GPS ya nuna wuri da kuskuren mitoci da dama. Don haka ya fi dacewa masu safiyo da awon filaye su kammala aikinsu kafin magariba.