Taƙaddamar agogo a Amurka: Hasken safiya ko na yamma?

Sau biyu a shekara Amurkawa ke taɓa agogonsu. A Lahadi ta biyu ta watan Maris suna tura shi gaba da sa'a guda, wato lokacin bazara, sannan a Lahadin farko ta Nuwamba su mayar da shi kan lokaci na asali. Jamus ce ta fara yin haka a ƙasa baki ɗaya cikin 1916, domin tsimin gawayi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Amurka ta bi sahu a 1918, ta kuma daidaita tsarin da dokar tarayya a 1966. Jihar Hawaii da mafi yawan Arizona ba sa sauyawa.

Mutane da yawa sun gaji da wannan kai-komo. Inda aka rabu shi ne a kan wane lokaci za a tsaya.

Masu son lokacin bazara ya dawwama suna duban yamma: ma'aikaci ya tashi daga aiki da sauran rana, ya shiga kanti, yara su yi wasa a waje. 'Yan kasuwa na daga cikin masu goyon baya, kuma dalilinsu ba ɓoyayye ba ne. Ranar 15 ga Maris, 2022, Majalisar Dattawa ta amince da ƙudirin Sanata Marco Rubio a kan haka ba tare da wani ya ƙi ba, amma Majalisar Wakilai ba ta ko kaɗa ƙuri'a a kansa ba, ya mutu a nan. Jihohi irin su Florida sun yi nasu dokokin, sai dai ba su da ƙarfi, domin dokar tarayya ta yarje wa jiha ta zauna kan lokaci na asali kaɗai.

Likitocin barci kuwa safiya suke dubawa. Hujjarsu ita ce hasken safe ne ke saita barci da farkawar ɗan Adam, don haka lokaci na asali ya fi dacewa da jiki. Tura agogo ba ya ƙara wa rana tsawo; abin da aka ƙara wa yamma daga safiya aka ɗebo shi. Da lokacin bazara zai zarce cikin hunturu, a birnin Indianapolis rana ba za ta fito ba sai bayan ƙarfe tara a farkon Janairu.

An taɓa gwadawa, kuma wannan ne ya fi raunana hujjar masu son yamma. A Janairun 1974, ana tsakiyar ƙarancin man fetur, gwamnatin Richard Nixon ta ɗora ƙasar kan lokacin bazara har cikin hunturu. Iyaye suka ga 'ya'yansu na jiran motar makaranta cikin duhu, farin jinin dokar ya zube, kafin ƙarshen shekarar majalisa ta janye. Rasha ma ta gwada a 2011, ta koma lokaci na asali a 2014.

Najeriya da Nijar ba su cikin wannan rigima, saboda tsawon yininsu ba ya bambanta sosai tsakanin damina da rani. Duk da haka sauyin na taɓa mai kiran ɗan'uwa a New York: tazarar sa'a shida ce a hunturunsu, biyar a bazara.