Tsohuwar bindiga mai zanen Dimashƙu: a harba ko a rataye?

Jama'a, 'yan uwanmu mafarauta da masu gadi a Sabo Ibadan, Agege da sauran zangogin kudu kan tambaye ni game da tsofaffin bindigogi masu baki biyu, waɗanda bututunsu ke da zane kamar igiyar ruwa. Turawa na kiransu Damascus, wato Dimashƙu, amma yawancinsu a Birmingham ta Ingila da Liege ta Beljiyam aka ƙera su, a ƙarni na 19 zuwa farkon na 20.

Ba ado ba ne wannan zanen. Maƙera kan murɗa sandunan baƙin ƙarfe da na tama, su naɗe su a jikin wata sanda, su yi ta duka da zafi har su haɗe. Ke nan bututun duk gaɓa ne, kuma a gaɓoɓin nan tsatsa ke ɓuya ta ci ƙarfen ta ciki, ido bai gani ba.

Na biyu, yawancinsu don baƙin albarushi aka yi su. Harsashin kanti na yanzu albarushinsa marar hayaƙi ne, ƙarfinsa daban. Sannan gidan harsashin da yawa daga na Ingila milimita 65 ne, na kanti kuwa galibi 70 ne. Zai shiga, amma matsi zai ƙaru. In bututun ya fashe, sau da yawa kusa da inda hannun hagu ke riƙe ne.

Abin da za a duba:

1. Hatimi a ƙasan bututu. ELG cikin da'ira alamar gwajin Liege ce. NP ko BNP na nufin Ingila ta gwada ta da sabon albarushi.
2. Leƙa ciki da haske: rami, kumburi ko lotsawa.
3. Cire bututun, rataye shi, ka ƙwanƙwasa. In bai yi ƙara kamar ƙararrawa ba, wani haɗi ya saki.

Amma fa hatimi shaidar ranar gwaji ce kawai, ba ta yau ba. Kaurin ƙarfe sai ƙwararre mai ma'auni zai iya faɗa. Ni dai shawarata, in babu shi, a shafe ta da mai a ajiye kayan gado. Mai riƙe da ita kuma ya tabbata lasisinsa na 'yan sanda na nan daram. Allah Ya tsare.