Sauya Farkon Jumla da Matsalar Sake Faɗar Zancen Wani a Rubutun Ilimi na Ingilishi

Akwai wata shawara da ta zama ruwan dare a littattafan koyar da rubutun ilimi na Ingilishi, wadda malamai da dama ke maimaita wa ɗalibai lokacin rubuta kundin digiri: idan kana son ka sake faɗar zancen wani marubuci da kalmominka, to ka fara jumlarka daga wani wuri dabam da inda ya fara tasa. Littafin Stephen Bailey na ɗaliban ƙasashen waje ya jera sauya tsarin kalmomi cikin dabarun wannan aiki, tare da sauya kalma da 'yar'uwarta da sauya ajin kalma. A ganina shawarar, yadda ake bayar da ita a yau, tana koya wa ɗalibi abin da ake son a raba shi da shi.

Ba sai an tsaya dogon bayani a kan matsayin farkon jumla ba. Tun daga aikin Mathesius da mazahabar Prague, zuwa Halliday (1985) da Williams (1981), an daidaita a kan cewa mai rubutu da Ingilishi yakan sa abin da mai karatu ya riga ya sani a farko, ya ajiye sabon bayani zuwa ƙarshe. Daneš (1974) ya nuna yadda farkon kowace jumla ke ɗaukar zare daga wadda ta gabace ta. Bahaushe ma ya san wannan a bakinsa ko bai karanta kowa ba. "Manoma sun sayar da gero" amsa ce ga wata tambaya. "Gero ne manoma suka sayar" amsa ce ga wata dabam, har lamirin lokaci ya sauya daga "sun" zuwa "suka". "Gero kam, manoma sun sayar da shi" kuwa tana nufin akwai wani abin da ba su sayar ba. Kalmomin kusan ɗaya ne, maganganun uku ne. Ingilishi ba ya nuna wannan bambanci da alamar nahawu a fili kamar Hausa, shi ya sa ɗalibi ke zaton ɗauko wutsiyar jumla a kai ta gaba bai taɓa ma'ana ba.

Wata ɗaliba da na duba wa kundi ta kawo mini babi na biyu. A majiyarta an rubuta: "Irrigation may reduce poverty where farmers have access to markets." Ita kuma ta rubuta: "Where farmers have access to markets, poverty is reduced by irrigation." A gefen takardar ta sa ƙaramar alama da fensir, wato nan ta cika umarni. Na tambaye ta ina "may" ta shiga. Ta duba, ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, ban lura ba, ina ta ƙoƙarin kada ta yi kama da tasa ne." Mai binciken ya ce noman rani yana iya rage talauci, ita ta sa a bakinsa cewa yana ragewa. Kuma jimlolinta biyu da suka gabata duk a kan noman rani suke, don haka fara ta uku da maganar kasuwa ya tsinke zaren sakin layin. An gudu ba a tsira ba: kalmomin majiyar suna nan kusan dukkansu, ma'anar ta gurɓace.

Rebecca Moore Howard ta raɗa wa irin wannan aiki suna tun farkon shekarun 1990, abin da za mu iya kira rubutun faci. Abin lura shi ne bayanin da ta yi masa ya haɗa da kwafo jumla a cire wasu kalmomi, a maye gurbin wasu da masu kama da su, a kuma sauya tsarin nahawu. Ke nan dabarun da littafi ke jerawa a matsayin magani su ne alamomin cutar.

Wani abokin aikina, wanda ya fi ni daɗewa a koyar da darasin Ingilishi na 'yan aji ɗaya, bai yarda da ni ba, kuma hujjarsa ta cancanci a saurare ta da kyau. Ya ce ɗalibin da Ingilishi ne harshensa na biyu ko na uku ba zai tashi daga kwafe ya faɗa cikin ƙwarewa rana ɗaya ba, yana bukatar tsani. Wanda aka tilasta masa ya fara daga wani wuri dabam, dole ya gano mene ne aikau, mene ne karɓau, wane sashe ne sharaɗi, kuma wannan rarrabewa ita kanta karatu ce. Ya ƙara da cewa Howard ɗin da nake kafa hujja da ita ta ɗauki rubutun faci a matsayin matakin koyo, ba sata ba, haka ma Pecorari (2003) a bincikenta kan ɗaliban babban digiri masu rubutu da harshe na biyu. Sannan ya kawo abin da ya fi damunsa: ajin da ke da ɗalibai ɗaruruwa, ga rahoton manhajar Turnitin mai gano kwafe da ke jiran kowane kundi. Me zai ba su wanda za su iya riƙewa cikin awa ɗaya?

Na amince da rabin wannan magana. Juya jumla a matsayin atisaye a aji yana da amfani, ni ma ina sa ɗalibai su yi. Gaskiya ne kuma cewa Keck (2006) ta gano kwafe na kusa ya fi yawa a taƙaitawar ɗaliban harshe na biyu, don haka bukatar tsanin tana nan. Saboda haka zan taƙaita iƙirarina: ƙorafina yana kan gabatar da dabarar a matsayin ma'aunin cewa aiki ya kammala. Tsani na hawa ne, mu kuwa mun bar ɗalibai suna zaune a kansa har zuwa digiri na biyu, domin da zarar kashin da manhaja ta nuna ya sauka sai kowa ya sa hannu. Manhajar tana ƙirga jerin kalmomin da suka yi daidai ne, ba ta da hanyar sanin cewa "may" ta ɓace.

Inda nake ganin abokina bai amsa ba shi ne girman abin da ɗalibi ke kallo. Howard da Serviss da Rodrigue (2010) sun duba takardun bincike 18 na ɗaliban wata jami'a a Amurka, ba su sami ko ɗaya da ta taƙaita majiya ba, duka daga jimloli ɗaiɗai aka gina su. Shawarar sauya farkon jumla tana ƙarfafa wannan ɗabi'a, tun da ba ta aiki sai an sa jumla guda a gaba ana jujjuya ta. Ga alama tana kuma ɗauke da wani tsohon zato, cewa yawan sauya mabuɗin jumla shi ne kyawun salo, alhali Christensen ya ƙirga tun 1963 ya ga ƙwararrun marubutan Ingilishi sun fi fara jimlolinsu da aikau kai tsaye, kusan uku cikin kowace huɗu.

Abin da nake yi yanzu bai fi ƙarfin babban aji ba. Ɗalibi zai karanta sakin layi gaba ɗaya, ya kife littafin, ya faɗa wa na kusa da shi abin da marubucin ke cewa, da Hausa in ya so, sannan ya dubi jumlar ƙarshe da shi kansa ya rubuta ya tambayi kansa me mai karatu ke riƙe da shi a yanzu. Da wannan zai fara. Sau da yawa mabuɗin kan bambanta da na majiya ba tare da an nema ba. Wani lokaci kuma yakan zo daidai da shi, kamar yadda ya faru da ɗalibar nan da ta dawo bayan mako guda: ta fara da noman rani kamar mai binciken, ta haɗa jimlolinsa uku a ɗaya, ta ambaci sunansa da shekara, ta kuma mayar da "may" wurinta.