Wasan neman ɓoyayyen kaya da GPS

Wasan neman ɓoyayyen kaya da GPS, wanda aka fi sani da Geocaching, wasa ne da ake yi a fili. Mutum ɗaya yana ɓoye ƙaramin akwati, ya wallafa lambobin wurin a intanet, wasu kuma su bi lambobin da wayar hannu har su gano shi. A cikin akwatin akwai takarda da wanda ya gano zai rubuta sunansa, sannan ya mayar da shi inda ya same shi.

Tarihi

Kafin shekarar 2000, gwamnatin Amurka tana rage ingancin siginar GPS da farar hula ke samu da gangan, har kuskuren yakan kai mita 100. A farkon watan Mayu na 2000, a zamanin Shugaba Bill Clinton, aka daina yin haka. Ranar 3 ga Mayu, Dave Ulmer ya ɓoye bokiti kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya sanar da lambobin wurin domin a gwada sabon ingancin. A watan Satumba na shekarar, Jeremy Irish ya buɗe shafin Geocaching.com. Wasan Pokémon Go, wanda kamfanin Niantic ya fitar a watan Yulin 2016, shi ma a kan wurin da mai wasa yake tsaye aka gina shi.

Yadda yake aiki

Taurarin ɗan'adam na GPS suna kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200. Waya tana buƙatar sigina daga aƙalla huɗu kafin ta san inda take. A sarari, kuskurenta yakan tsaya kusan mita biyar, amma yana ƙaruwa a ƙarƙashin rufin kwano ko tsakanin dogayen gine-gine. Saboda haka masu tsara wasan a manhaja ba sa dogara da ɗigo guda. Suna zana da'ira kewaye da wurin, idan ɗan wasa ya shiga cikinta sai tambaya ko alama ta gaba ta buɗe. Da'irar da ta cika ƙanƙanta tana hana wanda ya iso wurin ci gaba, wadda ta cika faɗi kuma tana ba mutum nasara tun yana nesa.

Ƙa'idoji

Shafin Geocaching.com ya hana haƙa rami don binne akwati, ya wajabta neman izinin mai wurin, kuma ya sa tazarar mita 161 tsakanin akwati da akwati. Akwatin da ba a san asalinsa ba yana iya tayar da hankali: a 2011 an rufe tsakiyar garin Wetherby na Ingila bayan an zaci wani akwatin wasan bam ne.

A ƙasar Hausa

GPS ba ya buƙatar data, domin waya tana karɓar siginar kai tsaye daga sama. Taswira kawai ake saukewa tun da wuri. Don haka ana iya shirya wasan a karkara, kamar ƙananan hukumomin Bodinga da Shagari a Jihar Sakkwato, inda akwai wuraren da suka dace da darasin tarihi: Sifawa, inda Shehu Usman Ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, da garin Shagari, mahaifar Alhaji Shehu Shagari, shugaban Najeriya daga 1979 zuwa 1983. A irin waɗannan wurare, tambaya a cikin waya ta fi akwati aminci, ganin halin tsaro da ake ciki. Ya kamata a sanar da hakimi ko mai unguwa, a kuma nisanci maƙabarta, gonaki a lokacin damina, da bakin madatsar ruwa ta Shagari.