Tsarabar Jimi: Tarihin Wani Ɗan Fim Na Kaboyi Da Aka Yi A Nijar A 1966

Duk lokacin da wani yaro a unguwar nan ya yi abin assha, ba a daɗewa sai ka ji an ce, "Ai kallon fim ne ya lalata su," ko kuma a ɗora wa waya. Mukan faɗi haka kamar wani sabon ciwo ne da ya zo da zamanin intanet. Maganar kuwa ta girmi yawancinmu. Tun a shekarar 1966 wani saurayi ɗan shekara 24 a Jamhuriyar Nijar ya ɗauki kyamara ya yi fim sukutum a kan wannan zargi. Sunansa Mustafa Alhassan, a rubutun Faransanci Moustapha Alassane. Sunan fim ɗin Le Retour d'un aventurier, wato dawowar ɗan yawon duniya. Minti 34 ne kacal, da Hausa da Faransanci a cikinsa, an kuma yi shi da ɗan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Shekara 24 ke nan kafin Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, ake kuma lissafa shi a farkon finafinan Hausa na bidiyo.

Sai mun ɗan koma baya kafin a gane abin da ya sa ya yi shi. A ƙasar Hausa fim ya shigo ta ƙofa biyu. Akwai majigi, motar gwamnati da ke bin garuruwa irin namu tana haska fim a fili kyauta, a koya wa mutane tsafta da noman auduga da biyan haraji. Akwai kuma sinima ta kuɗi a manyan birane, wadda galibi Kwara ne suka mallaka. A Kano an buɗe Rex a 1937. A 1951 gobara ta tashi a sinimar El Duniya ta ci mutum 331, mutane da yawa kuma suka ce ai ishara ce daga Allah. Duk da haka samari ba su daina zuwa ba, kuma cikin abin da ya fi jan su akwai finafinan kaboyi na Amurka: doki, bindiga, faffaɗar hula, da jarumin da ba ya tambayar kowa izini. Kalmar "kaboyi" da ke bakinmu har yau daga can ta samo asali. Abin bai tsaya a ƙasar Hausa ba. A Kinshasa ta Kwango, a shekarun 1950, samari sun kafa ƙungiyoyin daba da ake kira Bills, daga sunan Buffalo Bill, suna shiga irin ta kaboyi suna razana unguwanni. Yamai ma, babban birnin Nijar, tana da nata sinimomin da nata samarin.

Cikin waɗannan samari Mustafa ya taso. An haife shi a 1942 a N'Dougou, ya fara da aikin makanike, yana kuma da hannun zane. A Yamai ya haɗu da Jean Rouch, wani Bafaranshe mai ɗaukar finafinan al'adu, a wurinsa ya koyi kyamara. Daga baya ya tafi Kanada ya ƙaro sani wurin Norman McLaren, gwanin fim ɗin zane mai motsi. Fim ɗinsa na farko, Aouré, wato aure, ya fito a 1962. A shekarar da ya yi fim ɗin kaboyin ma ya fitar da wani ɗan gajeren fim na zane, Bon Voyage Sim, inda shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki da fareti da jiniya. Ka ga mutumin da ya iya zambo cikin raha ke nan, shekara shida kacal bayan Nijar ta sami 'yancin kai.

Labarin fim ɗin gajere ne. Jimi ya dawo ƙauyensu daga Amurka da akwati cike da tsaraba, ya tara abokansa ya raba musu: huluna, takalma, riguna, bindigogi, kayan kaboyi cif. Sai kuma ya raba musu sunaye. Waɗanda jiya ake kira Kali da Ibrahim da Bubakar suka wayi gari sun zama Black Cooper da James Kelly da Casse-Tout, wanda ma'anarsa Fasa-Duka. Budurwa guda da ke cikinsu ta zama Sarauniya Christine. To kaboyi ai ba ya tafiya a ƙasa, saboda haka sai satar dawaki. Daga nan sai mashaya da faɗa, sai kwasar dabbobin mutane, sai cin mutuncin manya. Sarkin gari da dattawa suka zauna shawara. Abin da aka fara da wasa ya kai ga zubar da jini, har a tsakanin su kansu 'yan ƙungiyar.

Babban abin yabo a fim ɗin nan shi ne akwatin. Mustafa bai kawo ɓarna a hannun baƙo ko maƙiyi ba, ya kawo ta a matsayin tsaraba daga ɗan gida, cikin ƙauna. Mu nan Keana ya kamata mu fi kowa gane wannan, don jikokin matafiya ne mu. Gishiri ne ya jawo kakannin da yawa daga cikinmu zuwa wannan gari na Alago, fatake da jakunansu, suna saye daga hannun matan da ke dafa shi suna kaiwa arewa, har wasu suka yada zango suka zauna a ƙarƙashin Osana. Mun san darajar wanda ya je ya dawo. Mun san yadda ake kewaye shi, yadda maganarsa ke yin nauyi ko da shirme ce, yadda ba a iya mayar masa da kyauta. Wanda ya dawo daga Kurmi, wanda ya dawo daga Makka, yau kuma wanda ya dawo daga Abuja ko Libiya, duk layi ɗaya ne. Wa zai dubi Jimi ya ce ba ya son hula? Samarin ba su zauna sun yanke shawarar zama 'yan fashi ba. Kaya aka ba su, kayan kuma suka zo da aikinsu. Bindiga in ta rataya a ƙugu, ba ta daɗewa ba ta nemi abin harbi ba.

Batun sunayen ma ya yi hangen nesa a kai. Muddin ana kiran yaro Ibrahim, akwai uban da ya raɗa masa, akwai ragon da aka yanka, akwai kunyar da sunan ke ɗauke da ita. James Kelly kuwa ba shi da uwa ba shi da uba a garin, ba ya jin nauyin kowa. Duk wanda ya san yadda 'yan daba da 'yan sara-suka ke laƙaba wa junansu sunaye, ko ya lura da irin laƙabin da 'yan bindigar daji ke yawo da su a yau, ya san wannan ba wasa ba ne. Har harshe ya yi amfani da shi: Faransanci a bakin masu hula, Hausa a bakin gari.

Wani abin kuma, rashin kuɗin ya yi masa rana. Ba shi da halin gina gari na katako irin na Hollywood, sai ya ɗauka a ƙauye na gaske, da rumbuna da bukkoki da dattawa na gaske. Ba shi da ƙwararrun 'yan wasa, sai ya tara samarin Yamai waɗanda su ma sinima ce ta raine su, ba sai an koya musu tafiyar kaboyi ba. Shi ya sa fim ɗin ya zama kundin tarihi ba tare da ya yi niyya ba. Wurin da kowa ke tunawa shi ne inda kaboyin ke sukuwa a daji sai ga raƙuman dawa. Babu wani fim ɗin Amurka da zai iya ba ka wannan hoto ko nawa aka kashe. Irin waɗannan raƙuman dawa na Nijar su ne suka rage a duk Afirka ta Yamma, kuma zuwa 1996 sun ragu har sun koma kusan 50 kafin a farga a shiga kare su a yankin Kure. A lura kuma, a daidai wannan lokaci Italiyawa ma suna can suna yin nasu kaboyin na aro da araha. Django, wanda dattawanmu masu zuwa sinima ba za su manta ba, a 1966 ɗin ya fito. Su sun ari rigar don su sayar, shi kuwa ya ara don ya nuna inda ba ta rufe katara ba.

Amma fa yana da nasa aibun, kuma ba ƙanana ba ne. Na fili shi ne na aiki. Daga baya aka ɗora murya, saboda haka baki da magana ba sa tafiya tare ko'ina. Faɗan na wasan yara ne, naushi na wucewa ta gefe mutum na faɗuwa. Labarin yana tsalle, ba ka gama sanin waye wane ba an wuce. Waɗannan duk ana iya yafewa, mai ɗan jari ba ya gasa da mai kanti.

Wanda ya fi wuyar yafewa shi ne tambayoyin da bai yi ba. Fim ne na laifi, amma babu bincike a cikinsa. Mun ga wanda ya yi, mun ga lokacin da ya yi, ba a bar wa mai kallo komai ya gano ba. Me Jimi ya je yi Amurka, da wane kuɗi ya sayo kayan? Me ya sa samari majiya ƙarfi suke zaune ba aikin fari ba na baƙi, har akwati guda ya ishe su sauya rayuwa? Dabbobin da aka kwashe, wa ke karɓa? Ina hukuma, a ƙasar da ke da tuta da jandarmomi? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, amma Mustafa bai shinshina daddawar ba. Mu da muka ga rikicin 2018, lokacin da dubban mutane suka bar gidajensu a yankunan Keana da Awe da Obi da Doma, mun san cewa tashin hankali na gaske yana da saiwa: gona da burtali, talauci, siyasa, da masu cin riba daga nesa. Sai da ɗan gari akan ci gari. Fim ɗin ya sauƙaƙa wa dattawan ƙauyen, ya bar su a matsayin waɗanda aka zalunta kawai, bai tambaye su ina suke ba lokacin da 'ya'yansu ke neman abin da za su zama. Wannan sauƙin ne mu ma muke nema idan muka ce ai fim ne, ai waya ce.

Sannan akwai wani tarko da duk mai irin wannan fim ke faɗawa. Ka zo ka yi gargaɗi a kan kaboyi, amma wuraren da suka fi daɗin kallo su ne na sukuwa da harbi da taƙama. Zaman dattawa kuwa a hankali yake tafiya. Yaron da ya kalla, wa kake jin zai so ya zama? Rahar da ta sa fim ɗin ya shiga rai ita ce kuma ta rage wa mutuwar da ke cikinsa nauyi, har mutum ya rasa ko dariya zai yi ko salati.

Tarihi bai raba ladan fim ɗin daidai ba. Mustafa ya ci gaba, ya yi FVVA a 1972, sunan da ke nufin mata, mota, gida, kuɗi, ya shugabanci sashen fim a Jami'ar Yamai shekaru masu yawa, daga baya ya koma Tawa da zama yana aikinsa. Ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015, kuma a 2017 gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke New York ya shirya nunin finafinansa. Djingarey Maïga, ɗaya daga cikin 'yan wasan, shi ma ya zama darakta mai suna a Nijar. Wani Bafaranshe, Serge Moati, har ya yi fim a kan yadda aka ɗauki fim ɗin, ya sa masa suna Les cow-boys sont noirs, wato kaboyin baƙaƙe ne.

Ita kuwa Sarauniya Christine, sunanta na gaskiya Zalika Souley, an haife ta a Yamai a 1947, ba ta kai shekara ashirin ba lokacin da ta sa wando ta hau doki a gaban kyamara. Ana lissafa ta cikin matan farko da suka riƙi fim sana'a a Afirka kudu da Sahara. Ta fito a Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda, fim ɗin da ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, karon farko da aka ba da ita. Amma a gida mutane ba su raba ta da matan da take kwaikwayo ba. Mazan sun cire hulunansu sun koma Ibrahim da Bubakar, ita aka ƙi yarda ta cire tata. An zage ta, an kira ta da sunan da ba ma so a kira 'yar kowa da shi, kamar yadda har gobe ake yi wa 'yan matan Kannywood. Wato su manyan da ke zargin yara da rashin bambance fim da gaskiya, su ma ba su bambance ba. Da harkar fim ta durƙushe a Nijar a shekarun 1980, sai ta shiga halin babu, har ta kai ga yin aikatau a ƙasar waje. Wata 'yar ƙasarta, Rahmatou Keïta, ta tattara labarinta a fim mai suna Al'lèèssi a 2004, inda Zalika da bakinta ta ba da labarin abin da ya same ta. Ta rasu a watan Yuli na 2021, tana da shekara 73.