Ginin Ƙasa da Tsimin Makamashi: Sake Duba Matsayin Tubali a Ƙasar Hausa

A garuruwan da zafin bazara kan haura digiri 40, irin su Sakkwato da Maraɗi da Kano, tsimin makamashi yana farawa ne daga bango da rufi, tun kafin a zo batun fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. Matsayar wannan maƙala ita ce ginin ƙasa ya fi bulo da kwano dacewa da wannan yanayi, kuma yawancin aibin da ake jingina masa daga sakacin aiki yake fitowa.

Bangon tubali mai kauri yakan sha zafin rana a hankali, ba ya miƙa shi cikin ɗaki sai bayan sa'o'i, lokacin da gari ya fara yin sanyi. Haka ma rufin soro, inda ake jera azara a shimfiɗa asabari a bi da ƙasa. Bulo mai rami na inci 6 ko 9 ba shi da wannan nauyi, kwano kuwa idan babu silin kusan kai tsaye yake sauke zafi kan mazauna, sai a koma neman sanyi daga lantarki ko janareto. Akwai kuma makamashin da aka riga aka ƙona kafin a aza harsashi: ana gasa sinadaran siminti a zafin da ya kai kimanin digiri 1,450, kuma masana'antarsa ce ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki. Tubali kuwa rana ce ke busar da shi.

Suka ta farko ita ce damina na rusa gidan ƙasa. Gaskiya ne, amma gidan da ke faɗuwa galibi wanda ruwa ya kwanta a gindinsa ne, ko wanda aka daina yi wa yaɓe. Magina sun daɗe da sanin maganin wannan: makuba daga ɓawon ɗorawa, laso da ake haɗawa da katsin marina, da indararo mai cilla ruwa nesa da bango. Rufin bakan gizo na Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a ƙarni na 19, da hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27, sun nuna iyakar abin da ƙasa ke jurewa idan ana kula da ita. Suka ta biyu ta fi wuyar kaucewa, domin a tsakiyar bazara bangon yakan amayar da zafinsa da dare, abin da ya sa ake kwana a tsakar gida. Wannan kira ne a gyara tsarin tagogi domin iskar dare ta ratsa, tunda ƙananan tagogin gargajiya ba su wadatar ba.

Saura batun azara, wadda ke ƙara wuya saboda giginya na raguwa. A nan ginin Hikma na Dandaji a jihar Tawa, wanda Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara aka kammala a 2018, ya zama hujja. A wurin, an gina sabon masallaci da matsattsen tubali daga jar ƙasar yankin, tsohon masallacin da magini Falke Barmu ya gina kuma aka gyara shi ya koma ɗakin karatu. Irin wannan tubali, wanda inji ke matsewa da ɗan siminti kaɗan, yana ba da damar ɗaura rufi mai lanƙwasa ba tare da sare giginya ko ɗaya ba.